Sunana a Bakin Inna

…kuma tun daga Waca Inna ba ta saki hannuna ba. Tana bisa jaki, ina ƙasa ina nutsewa cikin rairayi da takalman aiki, hannuna a ɗage, kafaɗata har ta sage. Ban ce ta saki ba. Ta yaya zan ce? Ke ba za ki gane ba, Ɗela. Ke da aka goya har ƙafafunki suna jan ƙasa, aka kira sunanki safe da yamma har ya gundure ki… Allah ya jiƙanki, ba faɗa nake yi ba. Da wa zan yi magana in ba ke ba? Uwarmu ɗaya.

Ga iyakar gandun dajin. Dutse an shafa masa farar ƙasa, da wani allon ƙarfe a jikin gawo. An hana sara, an hana kiwo, an hana wuta, an hana farauta. Da faransanci. Wa zai karanta a nan, birai? Mainassara gardin daji, mai tsaron gandun nan, wanda yake jan jakin, ya tsaya yana gyara jar dararsa. "Madam," in ji shi, "daga nan ƙasar kwamanda ce. Ko tsinken sakace kika karya sai na kama ki." Inna ta leƙo daga bisa jaki, ta ce, "Ɗan nan, ka fara kama hularka, ta fi ƙarfin kanka." Yana dariya har da riƙe ciki. Ni na karɓi haihuwar matarsa bara, tagwaye, ɗaya ya zo da ƙafa. Shi ya samo mana izinin shiga, shi ya aro jakin.

Inna tana da barkwanci, Ɗela. Kin san haka? Ai kin sani. Ni sai bana na sani.

Sanyi ya sauko mana lokaci guda, kamar an shiga soro. Kanya, tsamiya, giginya sun haɗe sama. Da ba haka yake ba… da nan fili ne, gonar Baba ta gyaɗa, ana hango ƙorama tun daga ƙofar gida. Zangon Sallau, garinmu. Ko a bakin mutane sunan ya fara mutuwa. Ina Damagaram aka shata dajin, aka ce kowa ya kwashe, kuka koma Dogo-Dogo. Labarin sai da ya tsufa ya iso ni.

Yau Lahadi, Nasara sun fito shan iska. Ga motarsu can a inuwa, sun shimfiɗa farin ƙyalle, sun jiƙa kwalabe a bakin ruwa. Matar kwamanda ta kafa madubin hangen nesa a ido tana bin gauraka guda biyu da ke taku a fadama. A masussukar garinmu suke zaune. Ba su sani ba, ina za su sani? Ta hango ni, ta ɗaga hannu, "Saratou!" Na rusuna daga nesa. Kowa yana faɗin sunan nan. Kowa. Nasara, gardawa, mata masu naƙuda suna ihu da shi, yaran unguwa…

Me ya kawo mu? In ce likita ne ya sa. Ya ce tsoho in hankalinsa ya gushe, a kai shi inda ya yi ƙuruciya, wani lokaci ƙofa takan buɗe. Wani lokaci. Ya ɗaga kafaɗa irin ta Nasara. Amma ba likita ba ne, ni ce. Na ga ƙafafunta. Na danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Na ji yadda take numfashi in ta kwanta. Aikina ne, na san abin da nake gani — ba za ta ga damina mai zuwa ba. Kuma ba na so ta tafi tana zaton wata baƙuwa mai kirki ce ta wanke ta, ta ba ta kunu a baki. Ina so ta san ni ce. Sau ɗaya. Ta san 'yarta ce, ta farin, wadda aka kai. Wannan ya yi yawa?

Na sha faɗa mata a gidana, a Magarya. Inna, ni ce fa. Sai ta yi dariya ta bugi cinyata. "Madam, kin cika wasa."

Zabin daji sun tashi fur daga cikin sabara, jakin ya zabura, ta ƙara damƙe ni. Yatsunta kamar busassun kara. Da ɗumi.

'Yar fari. Ba a faɗin sunanta, ba a kallonta a gaban mutane, ba a yi mata wasa. Kunya. Kowa ya sani, ba Inna ta ƙago ba, ita ma haka uwarta ta yi wa yayan Inna. Amma Inna ta riƙe abin kamar salla. Ke. Waccan. Bayan an yaye ni, kaka ta ɗauke ni. Da na fara wayo Goggo ta zo daga Damagaram ta ce a ba ta, aka ba ta. Mijinta kuku ne a bariki, daga nan aka sa ni lakwal, makarantar Nasara, daga lakwal gidan likita, farar riga, Madam. Tun daga ranar na zama "ta wajen goggonta". In na zo hutu, ina sallama tana tashi. Sai in ga bayan zanenta yana shiga ɗaki. Na fi sanin bayan Inna da fuskarta, wallahi. Na san inda kitsonta yake ƙarewa a ƙeya, na san tabon da ke diddigenta na hagu. Fuskar kuwa sai ta gefe, a sace, kamar ɓarauniya.

Ranar da za a tafi da ni daka take yi. An ɗora ni kan jaki a gaban Goggo, ina kuka, ina waige. Ba ta fito ba. Daga bayan danga taɓarya tana sauka, dum, dum, dum, ba ta canja ba, ba ta yi ko tuntuɓe ba. Har muka gangara mashigi ina jin ta. A ɗakin kwanan lakwal ina jin ta. Mace tana iya daka daidai haka, ana tafiya da 'yarta? Na yi shekaru ina wannan tambaya. Ban tambayi kowa ba. Wa ake tambaya?

A gidan haihuwa nakan yi wa 'yan mata faɗa. Na miƙa mata jariri, ta kawar da kai bango. Kalle shi mana, naki ne, ke kika sha wuyarsa! Tsofaffin da suka rako ta su tuntsire, "Madam ta sha lakwal, kunya ta zube mata a hanya." In yi murmushi in wanke hannu. Ni da Allah bai ba ni na fari ba, balle in san ko zan iya kawar da kai. Wataƙila da na iya. Wataƙila da na fi Inna.

Dakata… ga lalle. Itacen lalle a tsakiyar daji, ya yi tsawo ya zama jeji. Lalle ba ya fitowa shi kaɗai, hannun mace ne. Nan cikin gida ne ke nan. Nan. Ga dutsen niƙa a kife cikin ciyawa, damo ya kwanta a kansa yana shan rana, ko gezau. Kufai. Ina tsaye a tsakar gidanmu, kurciya tana kuka a kaina, kuma ban san ko a ɗakin wa na taka ba.

Inna tana shaƙar iska. Idon ya tafi, sai inuwa-inuwa take gani, amma hancin yana nan. Ta ɗaga kai kamar akuyar da ta ji hadari. Zuciyata… a'a. Natsu, Saratou. Ke da kike cewa mata su yi numfashi.

Da kika rasu, Ɗela, mijinki ya aiko a zo a ɗauki Inna. Na je. Ta hau mota ba ta dube ni ba, na ce to, kamar kullum. Ashe ba kamar kullum ba ne, ba ta san ni ba ne sam. Kwana kaɗan a Magarya, ta ji maƙwabta suna kira na ta kan katanga, ta ɗauki sunan. Ina fitowa da ruwan wanka sai na ji, "Madam Saratou, zo ki sosa mini baya." Da muryarta. Sunana da muryarta. Na ajiye kwanon a hankali don kar ya zube. Na shiga madafa na jawo ƙofa. Na daɗe. Da na fito na sosa mata bayan, ta ce hannuna da laushi kamar na wadda ba ta taɓa daka ba, wane irin miji ne zai yarda da ni?

Tun daga nan… ki gafarce ni, watannin nan sun fi mini daɗi da duk shekarun da take da hankalinta. Ta kalle ni ido cikin ido. Ta ja kunnena. Ta yi mini tsiya a kan miyata, wai ruwan wanke cokali. Ta kwanta da kanta a cinyata ina tsefe mata furfura, tana ba ni labarin samarin da suka yi zarya a ƙofar gidansu kafin Baba, har da wani mai haƙori ɗaya daga Mallawa. Madam Saratou kaza, Madam Saratou kaza. Ina tara su. Kowanne ina ɗauka ina ɓoyewa.

Amma ba ni ake kira ba. Wata ce. Wata mata mai farar riga da Allah ya haɗa su. Ina cin abincin da aka zuba wa baƙuwa.

To in ta gane ni fa? In ta gane…

Kar ki bi wannan hanya. Ba yanzu ba. Dubi birai. Ga su can a kan kanya, jajaye, uwa da ɗa manne a cikinta, suna jefo ɓawo. Mainassara yana cewa tun da aka hana farauta sun raina kowa, har hular wani Nasara suka taɓa ɗaukewa. Gada ma ta dawo, in ji shi, da safe takan sauko shan ruwa. Ya yi kyau. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ya fi lokacinmu kyau. Abin da ya fi ciwo ke nan, mun tashi, wuri ya huta.

"A sauke ni."

Ita ce. Muryar ta canja, ta yi ƙasa. Mun sauke ta, ba nauyi, kamar damin kaba. Ta tsaya ƙafafu a kumbure, ta juya kanta dama, ta juya hagu, sai ta kama hanya. Ita take ja na yanzu. Babu hanya, Ɗela, ciyawa ce har gwiwa, amma ƙafarta tana karkata inda hanyar take karkata da, tana kauce wa rumbun da babu shi. Gangare. Ƙanshin ɗanyen laka. Ruwan kaka ya kwanta shiru, kore-kore, bado ya rufe gefe, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi.

Ta kai hannu ta taɓa wata giyayya, tsohuwa, rabinta a ruwa. Ta shafa. Ta sake shafawa.

"Madam, nan ne mashigi."

Na ce, na'am, Inna.

"Ranar da aka tafi da waccan, ta wajen goggonta, nan na tsaya."

Ba ta tsaya ba. Daka take yi. Na ji da kunnena. Rikicin tsufa ne, tana haɗa ranaku…

"Na ba Daso maƙwabciyata taɓarya, na ce ki yi ta yi kar ki tsaya, kar a ce na tashi. Na ɗauki lauje wai za ni yankan kaba. Na zaga ta bayan danga, na riga su." Tana dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta yi wayo. "Jakin ya ƙi shiga ruwa, ja'iri. Allah ya yi masa albarka, ya daɗe yana ƙi. Na ƙare mata kallo. Tana ta kira na, tana duban gida, ga ni nan kusa kamar ni da ke. Na cusa bakin zane a baki. Har suka haye. Na koma ba kaba ko ɗaya, surukata ta ce ina kabar, na ce maciji na gani."

Daso. Daso mai kumatu, mai ba mu ƙanzo. Hannun Daso ne. Duk shekarun nan hannun Daso nake ji. A lakwal, a Damagaram, ranar aurena, ranar da aka binne mijina Ousmane ina zaune cikin mata ina cewa ko yau ba za ta dube ni ba… Daso ce take daka. Inna tana nan. A bayan wannan itace. Da na waiga hagu maimakon baya…

Ya isa. Ya isa haka, Saratou. An ba ki abin da ba ki roƙa ba. Ki yi shiru, ki riƙe, ki mai da ta gida. Ki bar ta ta ci gaba da ba Madam labari, akwai saura, tabbas akwai saura, wa ya san me kuma ta ɓoye a bayan wane itace? Madam ce kaɗai za ta ji. Ki zauna a Madam.

"An ce ta zama likita, kamar ke. Ko kin taɓa ganinta, Madam Saratou? Doguwa ce, an ce. Ni ban iya na duba ba."

Inna, ni ce.

Ya fita. Ban ma ji fitarsa ba. Ba da ƙarfi ba, ba kamar na Magarya ba. Da wata murya ce da ban san ina da ita ba, ƙarama, ta mai kuka a kan jaki.

Ba ta yi dariya ba.

Ba ta bugi cinyata ba. Hannunta ɗaya yana kan giyayya. Ɗayan ya saki nawa, ya hau, ya hau, ya sami fuskata. Goshi. Kunci. Ya tsaya a kan tsagen gidanmu, yatsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar makaho da ya sami bangon ɗakinsa. Leɓenta yana motsi. Faɗi, Inna. Yanzu da kika sani, faɗi. Sau ɗaya ki haɗa su, sunan da ni. Kin faɗe shi ɗazu, yana nan a harshenki, bai huce ba…

Hannun ya sauka.

Ta ja mayafinta gaba, har ya rufe gefen fuska. Ta juya. A hankali, da ƙafafun nan masu ciwo, ta juya ta fuskanci ruwa.

Ƙeya. Furfurar da na kitse jiya da hannuna.

Can sama Nasara sun kunna garmaho, wata mace tana waƙa ta hanci. Zalɓen ya ɗaga, ya sauka gaba kaɗan. Ban san tsawon lokacin ba. Ina tsaye hannuwana a sake, ban san inda ake ajiye su ba. Ta gane ni. Ga shi, abin da na ɗauko ta tun daga Magarya a bayan motar gyaɗa don shi. Likita ya yi gaskiya, ƙofa ta buɗe. Sai in gaya masa gobe, ya ji daɗi, ya ce abin sha'awa.

Ai na sani. Tun a gida na sani, na ƙi dubawa. Mace mai karatu. Wai ina zaton in ta tuna ni za ta manta kunya? Tunawa da kunya tare suke zaune. Ɗaki ɗaya. Ba a buɗe wa ɗaya a bar ɗaya.

"Ɗan nan." Mainassara take kira. Ya matso da jakin, dariyar ta bar fuskarsa, yana duban ƙasa. "Ka ce wa waccan, rana ta yi. A mai da ni."

Ya dube ni. Na ji, Mainassara. Ɗora ta.

Shi ta miƙa wa hannu. Na matso in tallafi ƙugunta, ta ɗan karkace, kaɗan, ba wulaƙanci, yadda take yi da in na wuce kusa da turmi. Na janye.

Muna hawa gangaren. Su a gaba, ni a baya. Lalle, dutsen niƙa, damon ya tafi. Wa zai yi mata wanka yau? Ba za ta tuɓe a gabana ba. Wa zai shafa mata mai a ƙafa, wa zai ɗaga ta in numfashi ya sarƙe? Sai in nemo wata. In biya wata ta zo ta zauna inda nake zama, a ja mata kunne, a ba ta labarin mai haƙori ɗaya. Ni in tsaya bayan ƙofa ina saurare. Da hannuna, Ɗela. Da bakina.

Matar kwamanda tana ɗago mini hannu kuma, tana nuna sama, kirinjijiya sun taso garke guda suna fito. Na ɗaga mata. Da kyau, madam. Da kyau sosai.

Jakin ya tsaya wajen farin dutsen. Inna ta sunkuya tana yi wa Mainassara magana, mayafi a rufe, ba ta juyo ba. Taku kaɗan ne tsakaninmu, ina jin komai.

"Ka tambayi waccan, ko ta sa wani abu a cikinta tun safe? Tafiyar ƙasa take ta yi."

Ya juyo. "Madam, wai…"

Ka ce mata na ci.

Ya juya ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai. Jakin ya ci gaba.

Ban ci ba. Fura tana cikin jaka, ta yi tsami. Ƙafafuna… bari in ɗan dafa dutsen nan. La'asar ta yi, ya kamata in yi salla kafin mu kai Waca. Wataƙila barci ɗaya ne, gobe ta farka ta shafe, ta ce Madam Saratou, ina kunun? Yakan faru. Wataƙila kuma ta riƙe har ƙarshe, ta tafi tana sane, bayanta gare ni. In na ɗaga hannu sai na roƙi ɗaya. Allah, ka sa gobe Inna ta… ta…

Ɗela, ke da kike can kusa. Wanne ake roƙa?